Yadda Ƙwayoyin Gado Ke Sarrafa Ginuwar Maniyyi a Jikin Dabbobi

1.0 GABATARWA

Sanannen abu ne ga masu kiwo cewa idan jaki ya barbari goɗiya akan sami alfadari, dabba mai ƙarfi da jimiri wajen ɗaukar kaya, amma wadda ba ta barin baya. Namijin alfadari yana da ƙoshin lafiya, yana da maraina, yana kuma nuna sha'awar barbara kamar kowane ingarma, sai dai marainan nasa ba su iya kammala ginin maniyyi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa ginin maniyyi aiki ne mai dokokin kansa, wanda kan lalace alhali sauran jiki yana nan lafiya lau.

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana waɗannan dokoki, gwargwadon abin da bincike ya tabbatar. Batun da muke son kafawa guda ɗaya ne. Abin da zai zama ƙwayar maniyyi yana tafiya ne zuwa wani matsayi da ba zai ƙara iya karanta umarnin gadonsa ba, saboda haka tilas ya tanadi duk abin da zai bukata tun kafin ya isa can. Mafi yawan sarrafawar da za mu gani, ashe, sarrafa lokaci ce: wane umarni za a karanta, yaushe za a karanta shi, yaushe kuma za a yi aiki da shi. Hausawa kan ce tun ran gini ran zane.

2.0 KALMOMIN DA ZA MU YI AMFANI DA SU

Kafin mu yi nisa ya kamata mu daidaita kan wasu kalmomi. Mafi ƙanƙantar yanki mai rai a jiki wasu kan kira shi ƙwayar halitta, amma mu za mu ari kalmar "sel", don kada ta rikice mana da "ƙwayar gado". A tsakiyar kowane sel akwai cibiya, a cikinta kuwa akwai wasu zaruruwa da ake kira kuromosom, waɗanda aka yi da sinadarin DNA. Ana iya ɗaukar DNA tamkar littafi, kowace ƙwayar gado kuma babi ce a cikinsa mai ɗauke da umarnin haɗa wani furotin. Littafin ba ya barin cibiya. Idan ana bukatar wani babi sai a kwafe shi a kan sinadarin RNA, a fitar da kwafin zuwa jikin sel, a can ne ake fassara shi ya zama furotin. Wannan kwafi za mu kira shi "saƙo". Matakai biyu ke nan, kwafa da fassara, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin bayaninmu.

Kuromosom bibbiyu suke zuwa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Shanu da awaki suna da 60, tumaki 54, mutum 46, ƙaramin ɓeran ɗakin gwaji 40. Duk inda muka ce ɓera kawai, wannan ƙaramin muke nufi, domin akwai wani babba da shi ma ake gwaji da shi.

3.0 MATAKAI UKU DA AGOGONSU

A shekarar 1677 Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holand ya ba da labarin ƙwayoyin maniyyi da ya gani da madubinsa mai ƙara girman abu. Sai a 1841 Albert von Kölliker ya nuna cewa daga sel-sel na maraina suke samuwa. A 1865 kuma Enrico Sertoli, mutumin Italiya, ya siffanta wasu dogayen sel-sel da ke renon su, waɗanda har yau ake kira da sunansa.

Maraina cike suke da siraran bututu a nannaɗe. A jikin bangon kowane bututu aikin ke farawa, yana matsowa tsakiya, cikin matakai uku. Na farko shi ne ninkuwa, inda sel-sel na tushe ke rabuwa suna yawaita. Na biyu shi ne rabuwar ragi, inda sel ɗaya ke rabuwa sau biyu ya ba da huɗu, kowanne da rabin adadin kuromosom. A bijimi 60 su koma 30. Na uku shi ne sauyin siffa, inda kowane ɗaya daga cikin huɗun, wanda za mu kira ɗanyen sel, ke tsuke kansa, ya fitar da wutsiya, ya zubar da yawancin jikinsa. Bisa lissafi, sel na tushe guda a ɓera yana iya ba da ƙwayoyin maniyyi 4,096, ko da yake da yawa kan mutu a hanya.

A 1952 Charles Leblond da Yves Clermont na Jami'ar McGill a Kanada suka gano cewa aikin yana bin zagaye tsayayye: bayan ƙayyadaddun kwanaki sai sabon rukuni ya tashi daga tushe. Ga yadda abin yake a wasu halittu:

ɓera: zagaye kwana 8.6, dukkan aikin kimanin kwana 35
babban ɓera: zagaye kwana 12.9, dukkan aikin kimanin kwana 52
rago: zagaye kwana 10.4, dukkan aikin kusan mako 7
bijimi: zagaye kwana 13.5, dukkan aikin kimanin kwana 61
mutum: zagaye kwana 16, dukkan aikin kimanin kwana 74

To, a ina agogon yake, a jikin mai renon ko a jikin wanda ake reno? Amsar ta fito ne bayan Ralph Brinster na Jami'ar Pennsylvania a Amurka ya samar da dabarar dasa sel-sel na tushe daga marainan wata dabba zuwa na wata, a 1994. A 1996 aka dasa na babban ɓera a marainan ƙaramin, suka kuwa yi maniyyi. A 1998 aka auna saurinsu, sai ga shi suna bin zagayen kwana 12.9 na gidansu, duk da cewa sel-sel na Sertoli da ke renonsu na mai kwana 8.6 ne. Watau agogon yana rubuce a cikin ƙwayoyin gadon sel ɗin da ke tafiyar.

4.0 MATAKIN FARKO: WA ZAI ZAUNA, WA ZAI TAFI

Bijimi yana samar da biliyoyin ƙwayoyin maniyyi kowace rana, shekara da shekaru. Wannan ba ya yiwuwa sai an bar iri, kamar yadda manomi ba ya cinye hatsinsa duka. A kowane zagaye wasu sel-sel na tushe kan zauna su sabunta kansu, wasu su kama hanya.

Sel-sel na Sertoli suna fitar da wani furotin mai suna GDNF, wanda ke umartar na tushe su zauna. Masu bincike a Jami'ar Helsinki sun nuna a shekarar 2000 cewa idan GDNF ya yi ƙaranci a ɓera, irin kan ƙare yayin da dabbar ke manyanta. Idan kuma ya yi yawa, sai sel-sel su taru jingim ba mai tafiya. A cikin sel na tushe shi kansa akwai ƙwayar gado mai suna Plzf. A 2004 aka tabbatar cewa ɓeran da ya rasa ta kan fara yin maniyyi kaɗan, sannan bututunsa su wofinta, domin babu mai tsaron iri.

Umarnin tafiya kuwa daga bitamin A yake fitowa. Tun 1925 Wolbach da Howe suka ga marainan babban ɓera sun lalace da aka hana shi wannan bitamin. Jiki yana mayar da shi wani sinadari, asid na retinoyik, wanda ke shiga cibiya ya sa a fara kwafar wasu babobi. Babba a cikinsu ita ce Stra8, wadda aka bayyana matsayinta a 2006. A 2020 masu bincike a Jami'ar Kumamoto ta Japan suka gano abokin aikinta, Meiosin. Su biyun ne ke buɗe ɗimbin ƙwayoyin gadon da rabuwar ragi ke bukata. Idan babu ɗayansu, sel ba ya iya shiga matakin yadda ya kamata.

5.0 MATAKI NA BIYU: RABUWAR RAGI DA RUFEWAR FARKO

Kafin a raba kuromosom biyu, sai kowanne ya nemo takwaransa, na uwa da na uba, su manne tun daga wannan baki har wancan, su yi musayar yankuna. Wani furotin mai suna Spo11 ne ke yanka zaren DNA a wurare da dama, kuma wajen gyaran yankan ne takwarori ke gane juna. A yawancin dabbobi masu shayarwa, Prdm9 ne ke sa alamar inda za a yanka, kamar yadda aka tabbatar a 2010.

A nan namiji ke da wata matsala ta kansa. Mace tana da X biyu, shi kuwa X da Y gare shi, kuma waɗannan ba sa mannewa sai a ɗan bakinsu. Tun 1965 Valerio Monesi ya lura cewa a tsakiyar wannan mataki ana daina kwafar komai daga gare su. Ana tattara su gefe guda a cibiya, a lulluɓe su, a rufe. Rufewar tilas ce, domin gwaji ya nuna cewa wasu ƙwayoyin gado na Y, irin su Zfy1 da Zfy2, suna kashe sel idan aka karanta su a wannan lokaci.

Amma fa X yana ɗauke da babobin da kowane sel ke bukata don ya rayu. Misali shi ne Pgk1, mai taimakawa wajen fitar da ƙarfi daga sukari. Yaya za a yi idan an rufe shi? A 1987 John McCarrey da Kelwyn Thomas suka nuna cewa akwai kwafinsa, Pgk2, a kan wani kuromosom daban wanda ba a rufewa, kuma a maraina kaɗai ake karanta shi, daidai lokacin da na asalin ya yi shiru. Daga baya an sami irin waɗannan kwafe-kwafe da dama. Wannan shi ne tanadi na farko.

Yanzu muna iya komawa kan alfadari. Doki yana da kuromosom 64, jaki 62, alfadari 63, kuma tsarin na doki da na jaki ya sha bamban. Wannan bai dami sauran jiki ba, tun da rabuwar ninkuwa ba ta bukatar takwarori su manne. Rabuwar ragi ce ke bukata. Da sel ya iso nan, kuromosom da yawa kan rasa abokin mannewa, aikin ya tsaya, sel ya mutu. Bincike a kan ɓera ya nuna a 2005 cewa duk yankin da bai manne ba ana rufe shi kamar yadda ake rufe X da Y, ko da kuwa yana ɗauke da babobi masu muhimmanci.

Ba kullum ne bambancin adadi ke jawo haka ba. Akwai zuriyoyi biyu na ɓeran gida a Turai, ta gabas da ta yamma, kowacce da kuromosom 40, amma wasu haɗe-haɗensu kan ba da 'ya'ya maza marasa haihuwa. Jiří Forejt na birnin Prague ya gano a 1974 cewa akwai wata ƙwayar gado da ke da hannu a ciki. Sai bayan shekara 35, a 2009, shi da abokan aikinsa suka tabbatar cewa Prdm9 ce. Alamomin yankan kan faɗa a kan kuromosom na ɓangare ɗaya fiye da ɗayan, gyara ya gagara, mannewa ta ƙi. Dama tun 1922 J.B.S. Haldane ya lura cewa idan jinsi ɗaya ne ya rasa haihuwa a cikin 'ya'yan haɗi, to mai kuromosom mabambanta ne, watau namiji a dabbobi masu shayarwa.

6.0 MATAKI NA UKU: AJIYAR SAƘO DA RUFEWAR ƘARSHE

A sauran sel-sel na jiki DNA yana naɗe ne a kan furotin da ake kira histon, naɗi sassauƙa da ke barin a karanta. Ƙwayar maniyyi kuwa tana bukatar ƙaramin kai mai tauri, saboda tafiya da kuma kare abin da ta ɗauko. Don haka akan cire mafi yawan histon a sa wani furotin a madadinsa, mai suna furotamin, wanda Friedrich Miescher ya fara samu a maniyyin kifin salmon a 1874. Furotamin yana ɗaure DNA tamau, ta yadda ba a iya kwafar komai.

Ga inda gizo ke saƙar. Masana sun kasa sauyin siffa a ɓera gida 16, kwafa kuwa tana tsayawa tun wajen gida na 9 ko na 10, alhali ginin wutsiya da ɗaurin kai ba su ƙare ba. Furotamin shi kansa sai bayan nan ake bukatarsa. Mafita ita ce a kwafi saƙonni da wuri, a ajiye su ba tare da fassara ba. Wani furotin mai suna CREM yana cikin masu buɗe babobin wannan mataki tun ɗanyen sel yana kewayayye. A 1996 rukunoni biyu na masu bincike suka cire shi daga ɓera, sai ɗanyun sel-sel suka tsaya a kewayayyunsu, ba kai ba wutsiya.

Saƙon furotamin na ɗaya kan zauna a ajiye har kusan mako guda. Robert Braun da abokan aikinsa sun nuna a 1989 cewa umarnin jira yana rubuce a jelar saƙon, inda wasu furotin ke kamawa su hana fassara. A 1995 aka yi gwajin sa a fassara shi kafin lokaci, sai cibiya ta ɗaure da wuri, ginin ya tsaya, ɓerayen suka rasa haihuwa. Furotin ɗin lafiyayye ne, lokacin ne kawai ya saɓa. Ƙudan 'ya'yan itace, wanda masana gado suka daɗe suna gwaji da shi, ya fi haka ma tanadi: kusan dukkan kwafar da ake bukata ana yin ta tun kafin rabuwar ragi, sannan sel-sel 16 su zama 64, a gina su da ajiyayyun saƙonni.

Akwai wata matsalar kuma. Bayan rabuwar ragi, rabin ɗanyun sel-sel suna da X, rabi suna da Y, alhali akwai abin da kowanne ke bukata daga wanda ba shi da shi. Tun shekarun 1950 Don Fawcett ya ga cewa sel-sel 'yan rukuni ɗaya ba sa rabuwa sarai, akwai 'yan gadoji da ke haɗa su. A 1989 aka tabbatar cewa saƙonni na ƙetare waɗannan gadoji, ta yadda kowa ke cin moriyar littafin ɗan'uwansa. A 2006 aka gano cewa furotin TEX14 ne ke riƙe gadojin, kuma namijin ɓeran da ya rasa shi ba ya haihuwa.

Abin da ke faruwa idan wani ya ƙi wannan ciyayya ya ƙara fito da muhimmancinta. A wasu ɓerayen daji akwai wani yanki na kuromosom na 17 da ake kira t. Yana fitar da abubuwan da ke dagula tafiyar maniyyi, su bi gadoji su shafi kowa, amma maganin abin yana tsayawa a cikin sel ɗin da ke ɗauke da t kaɗai. Saboda haka namijin da ke da shi a kuromosom ɗaya kan gadar da shi ga fiye da kashi 90 cikin 100 na 'ya'yansa, maimakon rabi.

7.0 MATSAYIN KUROMOSOM Y

A 1990 aka gano Sry, ƙwayar gadon da ke sa tayi ya yi maraina. A 1991 aka sanya ta ita kaɗai a tayin ɓera mai X biyu, ya fito namiji, amma ba ya yin maniyyi. Zama namiji daban, yin maniyyi daban. Tun 1976 Tiepolo da Zuffardi a Italiya suka ga cewa wasu mazajen da ba su da ƙwayar maniyyi ko ɗaya sun rasa wani yanki na Y. A 1995 ɗakin binciken David Page ya gano ƙwayar gadon DAZ a wannan yanki. Abin lura shi ne aikin furotin DAZ kama saƙonni ne da sarrafa fassararsu, kuma yana da ɗan'uwa mai suna boule a jikin ƙudan nan, wanda idan babu shi rabuwar ragi ba ta yiwuwa. Dabarar sarrafa saƙo, ke nan, tsohuwa ce ƙwarai a cikin halittu.

8.0 ABIN DA WANNAN KE NUFI GA KIWO

Na farko, maniyyin da bijimi ya fitar yau an fara gina shi wata biyu da suka wuce. Maraina suna bukatar su fi jiki sanyi da 'yan digiri, shi ya sa zazzaɓi, ko sammore, ko tsananin zafin bazara kan ɓata rukunonin da ke kan hanya. Illar kan bayyana bayan makonni, farfaɗowa kuma kan ɗauki wajen mako shida zuwa takwas ko fiye. Bai kamata a yanke wa bijimi hukunci da awo ɗaya ba.

Na biyu, ɗanyar ciyawa ce ke ba dabba abin da jikinta ke mayarwa bitamin A, busasshiya kuwa ba ta da shi sai kaɗan. Mun ga cewa daga wannan bitamin umarnin tafiya ke fitowa, don haka ciyar da bijimai da raguna na iri a ƙarshen rani ba abin wasa ba ne.

Na uku, ɗurar maniyyi, irin wadda ake yi a Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, tana sa bijimi ɗaya ya haifi ɗimbin maruƙa, alherinsa da aibinsa duka su yaɗu. A 1964 Ingemar Gustavsson ya gano a shanun Suwidin cewa kuromosom na 1 da na 29 sun manne sun zama ɗaya, abin da ke dagula rabuwar ragi ya rage haihuwa. Daga baya aka riƙa tace bijimai ana fitar da masu shi. A 2014 aka gano wata tawaya a ƙwayar gadon TMEM95 a shanun Fleckvieh na Turai, wadda ke sa maniyyi ya kasa shiga ƙwai alhali a madubi ba a ganin aibinsa. Awon DNA ne kaɗai ke tona ta. Haɗa Bunaji da shanun Turai kuwa ba ya jawo matsalar alfadari, domin duka biyun 60 gare su kuma suna mannewa daidai, ko da yake siffar Y ɗinsu ta bambanta.

9.0 KAMMALAWA

Mun bi sel tun daga bangon bututu har ya zama ƙwayar maniyyi. Mun ga GDNF da Plzf suna tsaron iri, bitamin A da Stra8 suna ba da izinin tafiya, Spo11 da Prdm9 suna haɗa takwarori. Mun ga an rufe littafin sau biyu, da farko X da Y, daga baya dukkansa, mun kuma ga hanyoyi uku na tanadi: kwafin babi a wani kuromosom, ajiyar saƙo har lokacinsa, da ciyayya ta gadoji. Kuskure a ɗayan waɗannan kan bar dabba da ƙoshin lafiya amma ba zuriya.

Yawancin wannan ilmi daga ɓera da ƙuda aka samo shi. Muna ganin ya dace masana kiwo da na gado a jami'o'inmu su duba yadda yake a Bunaji da Rahaji da Balami da jajayen awakin Sakkwato, dabbobin da suka saba da zafi da fari, tun kafin haɗe-haɗe su shafe abin da suka gada. Haka kuma muna gabatar da kalmomin da muka yi amfani da su ga masana harshe da ke wannan taro, domin su tace su, a sami matsaya ɗaya wajen koyar da wannan fanni da Hausa.